Furen Ƙariya

A Kassala, bayan ɗakina ba gona ba ce,
taku bakwai ne daga bakin famfo zuwa katanga.
Nan na jera su:
kabar giwa a randar da ta tsage,
karan masallaci a gwangwanin madara,
moɗa a gindin bango,
shuka-halinka mai zubo 'ya'ya daga bakin ganye
ko ba a tambaye ta ba.
Sai ƙariya, mai tumbi kamar tulu,
wadda na ciro a gindin dutsen Taka
ba ta fi yatsa kauri ba.

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa,
hannuna ya san lokacin taimako
da lokacin naɗewa a jira.
Su ma haka.
Ƙasarsu yashin Gash ce da garin gawayi,
da tsakuwa a ƙasan tukunya.
Idan sanyi ya shigo sai in ɗauke musu ruwa,
mako shida ko ɗigo,
har ƙariya ta kakkaɓe ganyenta
ta tsaya tsirara kamar mai fushi da ni.
Ƙishirwar nan ce ke kiran fure.

Bara na tafi Gadarif zaman makoki.
Na bar mabuɗi wurin Attayyib mai gasa burodi.
Bawan Allah, zuciyarsa fara,
ya ga tukwane a bushe, tausayi ya kama shi,
safe da yamma yana musu bokiti guda.
Kwana goma sha tara.

Da na dawo na danna tumbinta da babban yatsa,
ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa.
Ban ce masa komai ba.
Na dafa masa jabana, na sa citta da yawa.

Da dare na tono ta, na ƙona wuƙa a garwashi,
na yi ta yanka sai da na tarar da fari,
ina kaffa-kaffa da ruwan jikinta, don dafi ne.
Na shafe ciwon da toka,
na rataye ta a inuwar darbejiya
kwana tara, saiwa a sama.

Ta rayu.
Kafin ma ta yi ganye huɗu,
sai ga ƙundun fure a kan reshe,
guda biyar, ja-ja, a matse kamar hannun jariri.
Na ɗauko almakashi.

Ihsan, 'yar maƙwabta, ta riƙe mini gefen mayafi.
Ni na yanke mata cibiya daren da aka ɗauke wuta.
Ta ce, Hajiya Barmani, me suka yi miki?
Na ce, uwar ba ta warke ba.
Jiki ɗaya ba ya ɗinke rauni yana goyo.
Ta ce, ko ɗaya?
Na ce, ko ɗaya.
Ta kwashe su a tafin hannu ta fita,
kwana uku ba ta gaishe ni ba.

Mutane na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
An sha faɗin haka ina wucewa,
da murya ƙasa-ƙasa, ba don itacen ba.
Ni dai na taɓa ganin kwanson irinta,
ƙaho biyu, ya fashe da azahar,
iska ta kwashi irin ta haye katanga
zuwa gidajen da ban sani ba.

Bana Gash bai kawo ruwa ba tukuna,
amma jiya da asuba na fito alwala,
na tarar ta buɗe:
goma sha huɗu na ƙirga, na sake ƙirgawa,
baki ja, maƙogwaro fari,
dutsen Taka a bayanta bai gama farkawa ba.

Attayyib ya leƙo da burodi mai zafi,
ya tsaya, ya yi salati,
ya ce, ba ta jin ƙishi kuwa?
Na matsar da bokitin da ƙafata.