Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Na rataya jaka da takardun tambaya ɗari uku,
na fita neman abin da ke kashe kamfani a Kano
ranar da mai shi ya kwanta dama.

Farfesa Ƙasimu ya ce, "Baraka, a auna.
Abin da bai aunu ba, ba ya shiga kundi."
Sai na yanka gaskiya gida biyar:
na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba,
ban yarda ba, sam ban yarda ba.

A Kantin Kwari aka tura ta ƙarƙashin bandir ɗin shadda.
"Dawo jibi." Jibin ya yi wata huɗu.
Shafi na uku kuwa a bakin Kwari na gan shi,
an ƙunshe wa wani gyaɗa.

A Bompai aka bar ni na zauna taron daraktoci.
Mutum bakwai, gorar ruwa bakwai:
ɗa biyu, ƙane, suruki, abokin ƙuruciya,
da akanta mai tari duk sanda aka zo kan bashi.
Alhaji Ɗanliti ya ɗaga gira,
hannu shida suka tashi.
Sakatare ya rubuta: an tafka muhawara.

Tambaya ta goma sha bakwai:
akwai mai iya ce wa shugaba a'a.
Dukkansu, na yarda ƙwarai.

Sharaɗa ba ta cikin tsarina.
A-daidaita ce ta mutu a ƙofar tsohuwar masaƙa,
inda tumfafiya ta tsaga siminti,
tantabaru na taronsu a ofishin manaja.
Malam Tanimu mai gadi ya shimfiɗa min buhu,
ya ce, "Karanta min, 'yar nan, idona ya tafi."

Da na zo ta goma sha bakwai ya daɗe yana murza goro.
"An yi guda ɗaya. Ma'aji.
Ya ce kuɗin auduga ba na biki ba ne.
Aka yi masa walima,
aka ba shi agogon bango da takardar sallama.
Shekara uku injin ya yi shiru."

Na ce, sunansa?
Ya ce, "Mudi. Dogo, mai alƙalami a kunne."

Ban rubuta ba.
Agogon yana ɗakin Inna a Gwammaja,
ya tsaya tun ina aji biyar.
Mu dai an ce mana Baba ya gaji ne.

Da dare kwamfuta ta tauna amsoshi ɗari da tara,
ta ce shugabanci lafiya lau,
kashi tamanin da biyu cikin ɗari.
Gobe zan tsaya gaban malamai biyar da allo.

Na duba gidajen nan biyar ɗaya bayan ɗaya.
Babu inda agogo zai shiga.
Sai na buɗe sabon babi,
na ce wa Inna ta sauko min da shi,
na aiki yaro ya sayo batir.