Itacen da Ba Ya Sakin Ganyensa

A gandun renon itatuwa da babana ya bar mini,
bayan garin Utena,
inda tafki ke daskarewa har yara su yi tsere a kansa,
nake sayar da inuwar da ba ta zo ba tukuna.
Mutum ya biya, ya saɓi sanda mai saiwa a buhu,
ya koma gida ya jira shekara goma.

Berzas muke ce wa farar nan
mai ɓawo kamar takardar da aka soma rubutu aka fasa.
Ba ta da haƙuri.
Tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba ruwa ke hawa jikinta,
mu huda, mu rataya kwalba,
mu sha sanyi mai ɗan zaƙi can a ƙarshen harshe.
Masu sabon gida ita suke so:
tana tsawo da wuri, tana kyau a hoto.

Wata Talata Vytenis Gudelis ya shigo,
takalmi duk laka, igiyar awo a aljihu.
Ya ce, "Mita arba'in da biyu.
Ina son abin da ido ba zai ratsa ba,
ko ana zafi ko ana sanyi."
Ban tambayi wanda ke ƙetaren ba.
Kowa a ƙauyen ya sani:
Rimgaudas ne, wansa, ciki ɗaya,
da rijiyar da tsohuwarsu ta rasu
ba ta faɗi ko ta wane ne ba.

Na kai shi layin skroblas.
Na ce, wannan itace yana dakusar da gatari,
da shi kakanni suka sassaƙa haƙoran injin niƙa.
In kana aske shi duk shekara,
ganyensa zai bushe, ya yi ja kamar bayan burodi,
amma ba zai faɗo ba.
Haka zai riƙe matattun ganye cikin iska da dusar ƙanƙara,
suna ƙwaram-ƙwaram da tsakar dare,
har sai sabon toho ya ture su.
Ya ce, "Shi nake so."
A raina na ce, ai kun yi kama.

Ɗari da ashirin da shida na ƙirga masa.
Na ƙarshen ban sa a rasit ba:
lazdinas ɗaya, siriri, bai kai yatsa ba.
A lokacin sanyi, cikin buhu,
kowace sanda sanda ce.

Inda ya faɗa ban zaɓa ba, wallahi.
Can ya tsiro, taku huɗu daga bakin rijiyar.
Shi ke fara fure tun ƙasa na fari fat,
zare-zare masu ruwan ɗorawa suna reto a kan tsiraran rassa.
Da kaka sai ya zubar da 'ya'ya,
bai san iyaka ba, bai karanta takardar kotu ba.
Kurege ya kwasa ya binne nan, ya binne can,
ya manta rabi.

Shekara bakwai sai ga Vytenis, gashi ya yi fari.
"Danguole, kin cuce ni.
Ɗaya ba ya riƙe ganye.
Akwai kafa a shingena, kai na iya shiga.
Jiya jikar mutumin nan ta miƙo hannu ta ciki,
ta ce in fasa mata, haƙorinta na girgiɗi."
Na ce, laifina ne. Gobe zan zo da shebur,
in tumɓuke shi, in sa maka skroblas kyauta.
Ya juya hularsa a hannu, ya dubi berzas ɗina
suna zubar da ganye ba ko waiwaye.
Ya ce, "Bari dai sai an gama tsintar 'ya'yan."

Har yau ba sa gaisawa, in ji matar gidan waya.
Shebur ɗin na nan jingine a bayan ƙofa.
Kaka uku ke nan.