Safar Yanyawa

Barira ce ta aiko shi cikin ambulan
daga ƙasar da rana ke yi musu rowa.
Iri ne, amma sai ka ce garin barkono,
atishawa ɗaya ta isa ta watsa gonar.
Wai sunansa safar hannun yanyawa.
Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida:
shekarata sittin da bakwai a Tilden Fulani,
ban taɓa ganin yanyawa da safa ba.

Takardar ta ce kada a binne shi,
a barbaɗa kawai, sai ya ga haske yake tsira.
Ta kuma ce ba ya son rana.
To, ka ji baƙo mai ƙa'ida.

Na ba shi gindin mangwaron bayan ɗaki,
inda ganye ke ruɓewa tun surukata na da rai,
ƙasa baƙa wuluk, mai ƙamshin bakin rijiya.
Na tankaɗe ta da tsohuwar rariya,
ina yayyafa masa ruwa da bakin tsintsiya
don kada buta ta kwashe shi.

Arba'in suka leƙo.
Agusta ta jiƙa wasu har suka narke,
bazara ta zo ta karɓi nata kason.
Tara suka rage.

Shekara ta zagayo, ba fure, ba alamarsa,
ganye ne kwance, mai gashi kamar kunnen jaki.
Malam Sambo ya leƙo ta kan darni:
"Goggo Yelwa, kabejin nan naki ba ya naɗewa?
Da tumatir kika sa, da yanzu kin ci kasuwa."

Ban ce masa komai ba.
Shekara talatin ina ƙirga ƙwaya a asibiti,
na san 'yar farar nan ta masu ciwon zuciya,
daga dangin wannan ganye ake samo ta.
Ita na riƙa ɗora wa maigidana a harshe
kowace safiya, shekara shida,
har safiyar da ruwan ya kwana a kofi.
Kaɗan magani, da yawa makara.
Shi ya sa na kewaye shi da kara saboda awaki,
na tara jikoki na ja musu kunne:
ido kawai, ban da hannu, ban da baki.

Sanyin bana ya yi tsanani,
har man kaɗanya ya ƙi lakatuwa.
Yana janyewa, sai ga tsinke ya miƙe,
biyu kacal cikin tara.
Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu,
ya wuce Nafi'u da ke aji uku.

Daga ƙasa suka fara buɗewa,
ƙararrawa bisa ƙararrawa, farare tas,
duk sun sunkuyar da kai gefe guda,
na sama suna jiran layi ya zo kansu.
Ƙudan zuma ya shige ciki ɗungurungum,
ya fito da baya, ya yi buɗu-buɗu.
Magariba na yi, komai ya dushe,
su kaɗai ke riƙe da sauran haske.

Na ɗauka a waya don Barira,
hannuna ya yi rawa, hoton ya fita hazo-hazo.

Jiya Malam Sambo ya daɗe a bakin darni.
"Ana ci?"
Na ce a'a.
"Ana sayarwa?"
A'a.
"To na mene ne?"

Na jawo masa kujera.