Shiru, Ana Ɗauka

Ni na riƙe masa kalangu shekara goma sha ɗaya.
Yau ga ni riƙe da gora,
makirufo a bakinta, an sa masa safar yaro
don kada iska ta tsoma mana baki.

Hambali ke nan. Da can, Hambali Mai Gurmi.
Mu huɗu ne: shi, da ni, da Barau mai sarewa,
da Ɗanliti da ba ya kaɗa komai, sai amshi da cin gyaɗa.
Ba mu da ubangida.
Bai taɓa wasa mai kuɗi ba,
ko ranar da wani attajiri ya aiko da babur, sabo fil a leda,
ya ce a ambaci sunansa ko sau ɗaya.
Babur ya kwana biyu a zaure, ya koma inda ya fito.
Na yi wata guda ba na amsa gaisuwarsa.

Waƙoƙinsa? Jan-baki da ya cinye shinkafar Auyo.
Kacalla da ta shaƙe wuyan kogi.
Wata akuya da ta bi motar Gujungu, har yau shiru.
Kaset ɗari biyu muka buga da kuɗin tumatir,
muka sayar da saba'in.
Sauran na ƙarƙashin gadon gyatumata, gara ma ta ƙi su.

Sai kaset ya mutu.
Barau ya tafi gadi Ikko, Ɗanliti ya buɗe cajin waya.
Hambali ya shiga Kano, wai zai sa wa finafinai kiɗa,
ya shekara uku a bayan kujerar mai tace hoto
kamar mai jiran layin aski,
yana kallon yadda ake yanko fuska a jingina ta da wata.
Da ya dawo, babu gurmi a kafaɗarsa,
sai baƙar jaka da ƙarfe mai ƙafa uku.

Na ce, ina waƙa?
Ya ce, Tanimu, na gaji da gaya musu, bari in nuna musu.

Fim ɗin na Baba Jatau ne, mai fito,
wanda sabuwar gada ta raba da sana'a.
Ba ɗan wasa ba ne. Kullum sai ya kalli kyamara ya gaishe ta.
Sau tara muka maimaita kwance igiyar kwalekwale,
a na goma ya manta da mu,
ya shafa katakon kamar goshin jika.
Hambali bai ce a yanke ba.
Hannuna ya mutu a sama, ban sauke ba.

Abin da ke ba ni dariya:
mutumin da ya hana unguwa barci shekara da shekaru,
yau shi ke tsawa, shiru!
Ya sa a kashe injin ban-ruwa,
ya sa a kori zakara,
ya ba yara alewa su daina tari.
Amma ni da nake tsaye dab da shi
ina ganin yatsunsa na hagu a ƙafar kyamara,
suna hawa, suna sauka,
suna danna tsirkiyar da babu ita.

Daren Juma'a muka haska a bangon firamare.
Janareta na aro, tabarmi har bakin rijiya.
Rabin sa'a, Gwaggo Tabawa ta ɗaga murya:
wannan wane irin fim ne, ba rawa ba waƙa?
Aka yi dariya. Wasu samari suka tashi.
Sai ruwa ya cika bangon,
ƙarar filafili kaɗai, cak, cak,
irin bugun da nake shigo masa da shi a da.
Na waiwaya. Bai kalle ni ba.

Baba Jatau ya miƙe, ya je har jikin bango,
inuwarsa ta rufe rabin kogin.
Ba wanda ya ce masa ya zauna.

Da aka watse, muna naɗe waya,
Hambali ya ce, kalangun nan, fatar tana nan?
Na ce, ɓera ya taɓa gefe ɗaya.
Ya ce, kawo shi haka nan gobe da asuba.
Akwai wurin da shirun ya yi yawa.