Ɗaki na Biyar, Yantala

Ranar da na sauka Yamai
da jakar littattafai da robar man shanun Inna,
yaro ya tare ni a ƙofar lakwal, ya rusuna:
"Sannu da zuwa, mushe."
Na dafa ƙirji. Ni ɗan Funtuwa, da raina, da lafiyata,
wa ya tsinci gawata a gefen hanya?
Sai da mai gadi ya ƙware da shayi don dariya
na gane haka ake kiran malami a nan.
Na amsa. Yau shekara huɗu ina amsawa.

Lissafi ma sai da na koma aji ɗaya.
Mai tumatir a Katako ta ce dala ashirin,
na miƙa ashirin da biyar, na tsaya jiran canji.
Ta dubi kuɗin, ta dubi takalmina,
ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani.

Ɗaki bakwai, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya.
Gambi ce mai gidan, Bazabarma,
gaisuwarta ta fi gadar Harobanda tsawo.
Ni kuwa "baani samay" kaɗai bakina ya riƙe,
da ita nake amsa ina kwana,
da ita na amsa ranar da ta ƙara kuɗin wuta.

Kosiwa 'yar Lome, kekenta ba ya barci.
Ran Lahadi waƙar cocinta kan tsallako taga
ta tarar da ni da carbi a hannu,
in ɗaure fuska, in ƙara murya.
Ablay maƙerin zinariya ba ya cewa bismilla,
cokali kawai yake turo maka
a gefen shinkafa ja wur da kan kifi.
Agali ɗan Abzin ya daina yi mini magana kwana tara
don na tashi kafin kofi na uku.

Sai na ja ƙofata.
Ina tuƙa tuwona ni kaɗai, duk gudaji,
ina ce wa raina baƙo raɓa ne,
ina ruwan raɓa da sunan ciyawa?

Daren wata Talata, tsakiyar damina,
muryar ƙanena Jatau tana yankewa tana dawowa:
"Yaya, tun azahar nake nema, layi ya ƙi.
Inna ce.
Mun kai ta da la'asar."

Ban san na yi ƙara ba.
Na dai ji keken Kosiwa ya tsaya.

Kafin asuba an share tsakar gida,
tabarmar kowane ɗaki ta fito.
Ablay ya zauna damana da dogon carbinsa,
Fatiharsa da tawa, ashe bakinsu ɗaya.
Agali ya hura gawayi, bai ƙirga mini kofi ba.
Gambi ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ta ce, "Kala suuru,"
ban nemi tafinta ba.

Kosiwa ta tsaya daga bakin ƙofa
da aron mayafi da ya ƙi zama a kanta.
Ta ce, "Mushe, yaya sunan mama?"
Na ce Uwani.
Ta maimaita, ta karya shi a tsakiya,
ta sake, ta sake, har ya miƙe,
ta tafi da shi ɗakinta a hankali
kamar mai ɗauke da fitila cikin iska.

Kwana uku suna zaman makokin
matar da ba su taɓa jin tarinta ba.

Wata ya ƙare, Gambi ta zo karɓar haya.
Ko dala ba ta rage ba.
Ta lashi yatsa, ta ƙirga sau biyu,
ta leƙa tukunyata, ta ja tsaki,
ta ture ni gefe,
ta karɓi muciyar.