Yatsa Biyu a Gindin Tanki

Ladiyo ce ta fara gani, ba ni ba.
Ta ce, "Baba, motarka na fitsarin kwance."
Na duƙa. Ga shi kuwa,
tabo mai faɗin faifai a ƙofar gida,
wari ya ratsa soro har ɗakin girki.
Man da na yi wa layin awa uku a Kabuga
yana sauka ɗis, ɗis,
cikin ƙasar da ko godiya ba ta iya ba.

Na je wurin Mudi mai walda a Ƙofar Ruwa.
Ya ce, "Malam, wuta da fetur?
'Ya'yana bakwai. Sayi wani tankin."
Ya faɗi kuɗin, na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Malamin firamare, ran sha tara ga wata!
Na sayo gam mai bututu biyu da sanfefa,
na hau adaidaita na komo Ɗorayi.

Asabar da hantsi
na roƙi Iya Tabawa ta matsa da kaskon awararta ƙarshen layi.
Ta matsa, amma bakinta bai matsa ba.
Na hana ashana, na hana turaren wuta.
Na zuƙi tiyo, fetur ya gaisa da haƙorana,
sauran ya tafi jarka.
Jak, bulo huɗu, kwali a ƙasa,
na shige ƙarƙashin tsohuwar Fijo
ina lallashin notin da ya shekara ashirin bai juya ba.

Kafin in wanke tankin sau uku in shanya,
masu shawara sun yi sahu.
Sagiru ya ce goga sabulu, zai kai ka Zariya.
Wani ya ce cingam.
Ɗan bumburutun layinmu ya ce ƙyale shi kawai,
shi da ɗigar nan ke yi wa ciniki.
Na ce masu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Alhali ban sani ba tukuna.

Na yi ta gurzar tsatsa
har ƙarfe ya fito da farin fuskarsa.
Ga ƙofar: ba ta fi kafar allura ba.
Wannan ce ke cin albashina?

Sai yatsana ya ci karo da wani tudu a gefenta,
tsohon gam, baƙi, ya zama dutse.
Na hure ƙurar.
Shatin babban yatsa ne, kwance a ciki,
da layi guda ya raba shi biyu.
Na san layin nan.
Wuƙar yankan ragon layya ce ta bar shi
shekarar da na shiga aji uku.

Ashe shi ma ya kwanta nan ƙarƙashi.
Mutumin da ke fitowa da babbar riga ƙal,
ya kai mu Rano gaida dangi, yana ba da kyautar goro,
bai taɓa cewa wani abu na ɗiga ba.

Na zauna a kan bulo har aka kira azahar.

Da na dawo masallaci na gauraya gam a murfin gwangwani,
fari da baƙi suka zama toka-toka.
Na shafa, na danna yatsana kusa da nasa.
Nawa ya fi siranta, hannun alli ne.

Kwana ɗaya na bar shi ya sha iska.
Na ɗaura, na zuba lita biyu kacal,
wanda maciji ya sara ai tsoron igiya yake.
Ladiyo ta yago takarda daga littafin lissafinta,
ta shimfiɗa a ƙasa, ta danne da tsakuwa.

Da asuba muka leƙa da fitilar waya.
Takarda fes,
sai ɗigo ɗaya, baƙi, can a gefe.
Ta dube ni.
Na shinshina, na ce, "Wannan baƙin mai ne.
Na wata Asabar ɗin ne."