Baka na Goma Sha Ɗaya

A Kastamonu, bayan layin maƙeran tagulla,
ɗakina na sama warin ƙaho yake da tsohon danƙo.
Bakunkuna goma sha ɗaya ke rataye a bango,
kowanne ya lanƙwashe baya kamar kunama ta ji motsi,
ba tsarkiya, ba kibiya, sai haƙuri.

Mukadder, Allah ya jiƙanta,
takan ce na tara mata surukai marasa magana:
ba sa son raɓa, ba sa son rana,
in ƙanƙara ta rufe gari sai an kai musu garwashi
kafin a kai wa masu gida.

Goma na san halinsu.
Na ja su duk, lokacin da kafaɗata ke amsa kira.
Na goma sha ɗaya ne bai taɓa gaishe ni ba.
A rumbun wata gwauruwa na same shi, can ƙauyen kan dutse,
an rataye masa tafarnuwa shekara talatin.
Ta ce, "Kakan mijina ne ya bar shi,
ɗauke, ka ba ni kuɗin gyaran rufi."

Ƙahon ɓauna a ciki, jijiyar sa a baya,
itace siriri a tsakiya yana sasanta su.
Wanda ya yi shi ya sa sunansa da ruwan zinariya,
harafi biyu suka rage, sauran gumi ya cinye.
Wata bakwai ina lallashinsa kusa da wuta,
yau yatsa ɗaya, gobe rabin yatsa,
kafin ya yarda tsarkiya ta hau.
Na rataya masa ma'auni: kilo sittin da uku.
Na zauna a ƙasa, na yi dariya ni kaɗai.

Wane irin mutum ne ke jan wannan a kan doki?
Me yake ci? Wa yake tsoro?

Na gwada. Tsarkiya ta zo gwiwar hannu ta tsaya,
kamar jaki a bakin gada.
Likita ya duba hoton ƙashina, ya ce, "Hilmi Bey,
kofin shayi ya ishe ka nauyi."

Wani baƙo ya zo da jaka da tabarau,
ya ce zai sa shi cikin gilashi a wata ƙasa,
ba mai taɓa shi har abada.
Na ba shi shayi, na raka shi ƙofa.

Sai ran wata Talata, Yekta mai gidan burodi,
wanda ke kwaɓa ƙullu tun kafin asuba,
ya hawo da burodina, gari har gira.
Ya tsaya yana kallon bango.
Na zura masa zoben ƙaho a babban yatsa,
na ce, "Ja da baya, ba da hannu ba.
Kuma kome ya faru, kar ka saki. Babu kibiya."

Ya ja.
Bakan ya yi wani nishi
irin na tsoho in ya miƙe daga dogon zama.
Tsarkiya ta wuce gwiwar hannu, ta wuce haɓa,
ta je ta taɓa kunne.
Na ga siffar da aka yi shi dominta,
wadda na yi shekara tara ina zana ta a kaina,
ashe ban zana daidai ba.

Numfashi uku. Ya mayar a hankali,
hannunsa na rawa, yana dariya.
Ya ce, "Burodi na cikin tanda," ya sauka a guje.

Kishi ya zo, ban hana shi zama ba.
Ya sha shayinsa, ya tafi.

Yanzu akwai farin gari a mariƙin bakan,
sawun yatsu huɗu.
Kullum ina goge goma da tsumma mai laushi.
Wannan na bar shi yadda yake.